Sek da Silak: Abin da Ya Same Mu a Saman Benen Doha

Birnin Kudu zuwa Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na fito daga gida, ko kiran assalatu ba a yi ba. Inna ta rako ni har zaure riƙe da tocila, matata Rabi tana bayanta da goyo. Sana'ata ita ce hawa ƙarafunan sabis ɗin waya, dogayen nan da ake kafawa a bayan gari, kuma ta dalilinta ne wani kamfani a Doha ya ɗauke ni aikin igiya, wato a ɗaure mutum ya sauko ta jikin dogon bene yana wanke gilashi ko gyara. Inna ta yi mini addu'a, ta saka mini ƙullin yaji da dambun nama a jaka.

Na yi sallah a tasha, mota ta tashi biyar da kwata. Tafiyar kilomita ɗari da talatin ce ko fiye da haka kaɗan. Direban ya hango takunkumi a fuskata ta madubi ya ce, "Malam, kai kaɗai ka rage da wannan abin a jihar nan." Na ce masa gwajin korona zan yi a Kano, idan aka samu cutar a jikina tafiya ta fasu. A shingen Wudil ɗan sanda ya buɗe jakar, ya shanshana dambun, ya mayar. Takwas saura muka shiga Kano. A wurin gwajin aka cusa mini wani tsinke a hanci har sai da na ji shi a ƙwaƙwalwa, hawaye na zuba. Kwana biyu na yi a gidan ɗan baffana a Fagge kafin sakamako ya fito da kyau.

Kano zuwa Doha

Jirgi ya tashi da mu bayan azahar, muka canza wani a Addis Ababa, gari na wayewa muka sauka Doha. Daga filin jirgi bas ce ta kwashe mu zuwa wurin killacewa. Kwana bakwai na yi a ɗaki ni kaɗai. Sai a ajiye abinci a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa a gudu: shinkafa, miyar wake mai ruwa, da gurasa. Da yajin Inna na rayu. Ta taga nake hango benayen bakin teku, na ƙirga hawan ɗaya daga ciki har na wuce arba'in na rikice. Ƙarfe mafi tsawo da na taɓa hawa a gida bai kai rabinsa ba.

Madinat Khalifa

Ranar da alamar lafiya da hukuma ke sakawa a wayar kowa ta koma kore a tawa, motar kamfani ta kai ni masauki a Madinat Khalifa ta kudu, gida ne da aka yayyanka ɗakuna, mu huɗu a namu. Ina shiga na ji an ce, "Sannu da zuwa, ɗan Nijeriya. Ina gajiya?" Wani dogon mutum ne baƙi, ya girme ni da kamar shekara goma. Malam Lawali ke nan, mutumin Damagaram. Ya koyi aikin igiya a wurin haƙar ma'adinai a arewacin Nijar, a hannun Faransawa. Shi ya dafa mana shayi, ya nuna mini masallaci da shagon Ba'indiyen da ake sayen burodi.

Muna hirar aiki na tambaye shi ko kamfani ne ke ba mutum hanes ko shi zai saya.

Ya ce, "Mi ne ne hanes?"

Na ce ɗamarar nan da ake sawa a ƙugu da cinyoyi a maƙala igiya.

Ya yi dariya. "Bodiriye kake nufi!"

Na zaci wasa yake. Ashe duk abin da na sani da sunan Ingilishi, shi da na Faransanci ya san shi. Ƙugiyar ƙarfen nan mai ƙofa da nake kira karabina, shi muskuton yake ce mata. Gajeriyar igiyar da mutum ke maƙale kansa da ita, ni lanyad, shi lonj. Hular kwano, ni helmet, shi kask. Ga mu Hausawa biyu a kan tabarma ɗaya, sana'a ɗaya, amma da zarar an zo kayan aiki sai mu koma kurame. Ranar dariya muka yi ta yi.

Aziziya

Washegari ƙarfe shida bas ta kai mu rumbun kayan kamfani a bayan Aziziya, tafiyar minti ashirin da biyar. Mai kula da rumbun Danladi ne, Kirista ɗan Pankshin, Hausa a bakinsa kamar Bakano. Shugaban rukuninmu kuma Bafaranshe ne, Musye Piyer, siriri mai furfura, Ingilishinsa a karye. Mu takwas ne a ƙarƙashinsa: Hausawa uku, 'yan Nepal uku, da 'yan Maroko biyu.

A lokacin hutu Musye Piyer ya nuna mana hotuna a wayarsa. Na daɗe ina kallo ban gane ba. Ruwa ne mai zubowa daga kan dutse ya daskare ya zama ƙanƙara, tsawonsa kamar hasumiyar masallaci, ga mutum maƙale a tsakiya kamar ƙadangare. Ya nuna ƙirjinsa, wai shi ne. A kowane hannu yana riƙe da wani abu mai kama da ƙaramar gatari mai lanƙwasasshen baki. Ya ce sunansa piyole, Ingilishi kuma ais aks. A ƙasan takalminsa akwai haƙoran ƙarfe, kirampon, wannan kam sunansa ɗaya a harsunan biyu. Har da wani dogon noti da ake murɗawa cikin ƙanƙarar a rataya igiya.

Na ce wa Malam Lawali, "Yaya, tambaye shi, aikin me yake yi a saman?"

Ya tambaya, ya juyo yana riƙe haɓa. "Wai ba aiki ba ne. Nishaɗi ne. In ya samu hutu can yake zuwa."

Na sake kallon Baturen. Mu mun baro iyalanmu mun zo muna rataye rayukanmu a igiya don abinci, shi kuma hutunsa ke nan. Har muka koma masauki ban daina mamaki ba.

A rumbun nan na fara ganin cewa bambancin sunayen ba abin dariya ba ne kawai. Wata rana Musye Piyer ya aiko a ba shi kord mita ɗari. A Faransanci kord ita ce babbar igiyar da ke ɗaukar mutum. A Ingilishi kuwa kord siririya ce, ta ɗaure ƙananan kaya, babbar rop ake ce mata. Mataimakin Danladi ya cika jaka da siririyar ya rufe. Sai da Danladi ya ɗaga jakar ya ji ba nauyi, ya buɗe. Ya ce, "Kai! Wannan ko akuya ba zan rataya da ita ba." Aka canza, aka yi ta tsokanar juna, maganar ta wuce.

Bakin teku, hawa na talatin da ɗaya

Kusan shekara na yi ina wannan aiki, na saba, har ina iya cin dabino a rataye. Da gasar ƙwallon duniya ta matso, aka ba kamfaninmu aikin manna manyan hotunan 'yan wasa a jikin wani bene mai hawa arba'in da biyu. Hoton a yanke yake zuwa, naɗi naɗi kamar darduma, kowane naɗi ya fi buhun siminti nauyi. Kullum ana waya daga ofis ana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri, lokaci ya ƙure.

Ranar wata Talata muka isa ƙarfe biyar da rabi na safe. Ni aka bari a rufin bene, aikina in riƙa sauke naɗin a kan igiyarsa ta daban, da wata na'ura mai hannu: in na danna ta sake, in na ɗaga ta riƙe. Malam Lawali yana rataye a hawa na talatin da ɗaya, shi zai karɓa. Ba na ganinsa, sai dai rediyon da ke kafaɗata. Wajen tara da rabi iska ta taso daga teku. Naɗi na huɗu yana sauka, iskar ta kaɗa shi ya zo daidai saman kansa.

Rediyo ya yi ƙara, na ji muryarsa cikin iska: "Sek! Sek!"

Ni abin da kunnena ya ji shi ne silak. A Ingilishin masu igiya, silak na nufin a sassauta, a ƙara saki. Haka aka koya mini, haka na yi shekaru ina ji. Na danna hannun na'urar har ƙasa.

Igiyar ta yi gudu a tafina, sai kuma ta yi sako-sako. Na ji wani ƙara daga ƙasa kamar an buga ganga. Rediyo ya yi shiru.

Ɗan Marokon da ke kusa da ni ya fizge na'urar daga hannuna yana ihu. Sai a lokacin na san cewa sek a Faransanci na nufin a ja igiya ta yi tauri, a riƙe, kada a saki ko kaɗan. Na kwanta rub da ciki na leƙa. Hawa goma sha ɗaya ƙasa da ni, Malam Lawali yana lilo a jikin gilashi, kansa a langaɓe, hannun hagunsa yana reto kamar ba nasa ba. Na kira sunansa, na kira, bai amsa ba. Bakina ya kasa kawo komai sai salati.

Ban taɓa ganin sauka irin ta Musye Piyer a ranar ba. Kafin mu gama rikicewa ya maƙala kansa ya zura. Ya isa wurinsa, ya haɗa ɗamararsa da tasa, ya cire shi daga igiyoyinsa, ya sauko da shi har ƙasa a ƙirjinsa. Ni ta lif na sauko. Hular kwanon Malam Lawali ta tsage gida biyu. Da ba ta kansa, da gawa aka sauko da ita.

Al-Sadd

Kafaɗar Malam Lawali ta karye a wuri biyu. Bayan kwana uku aka bar ni na gan shi a asibiti. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Ya ce, "Shigo mana, Sanusi. Ko sai na taso?"

Na durƙusa a gefen gadon na ce, "Yaya, ni na sake maka kayan nan. Ka yafe mini."

Ya ce, "Mi ka ji na ce?"

Na faɗa masa. Sannan ya ce, "Ga ni Bahaushe, ga ka Bahaushe. Da riƙe na ce, da yanzu muna wajen aiki. Tsoro ne ya sa bakina ya koma inda ya koya."

Aka kira mu ofishin kamfani a Al-Sadd. Danladi ya riga ya gaya mini cewa wakilin kafil, wato mai kamfanin da bizata ke hannunsa, ya ce khalas, wato magana ta ƙare, a sallame ni a mayar da ni gida. Malam Lawali ya zo da hannu a rataye a wuya duk da ba a nemi ya zo ba. Ya ce a gaban kowa shi ya yi magana da harshen da abokin aikinsa bai sani ba. Musye Piyer ya miƙe ya ce a'a, laifin nasa ne, shi ya haɗa mutanen harsuna huɗu a igiya ɗaya bai taɓa zaunar da su sun daidaita kalma ba, ko bayan abin da ya faru a rumbu. Wakilin ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya rufe takardar. Aka dakatar da ni mako biyu, ba a kore ni ba.

Da na dawo na tarar Danladi ya jera kayan aiki a kan allo a bakin rumbu, kowanne da sunansa na Ingilishi da na Faransanci a ƙasa, karabina kusa da muskuton, rop kusa da kord. An hana sek, an hana silak. Musye Piyer ya sa kowa ya faɗi nasa kalmomin a rediyo daga nesa, aka ga namu na Hausa ne ba sa kama da juna ko cikin iska. Daga ranar duk rukunin, har 'yan Nepal, "riƙe" da "saki" suke cewa, kuma ba ka taɓa na'ura sai ka maimaita abin da ka ji an amsa maka. Muka gama hoton saura kwana shida a fara gasa.

Doha zuwa gida

Malam Lawali bai sake hawa igiya ba. Rumbu aka mayar da shi tare da Danladi. Bayan gasa kwantiragina ya ƙare. Ranar tafiyata shi ya ja mu sallar asuba a masauki. Ina bayansa na ga ya ɗaga hannuwa zai yi kabbara, na dama ya kai kunne, na hagu ya tsaya a ƙirji. Ya yi ƙoƙari, bai wuce nan ba. Ban san yadda na ƙarasa sallar ba. Ya rako ni har bakin mota, ya kama kafaɗata da hannunsa mai lafiya ya ce, "Ka gaida mutanen gida. Kada ka je kana ba da labarin kamar kai kaɗai ka yi shi."

Washegari da rana na sauka Kano, na samu motar ƙarfe uku, ana kiran magariba na shiga Birnin Kudu. Zaure ya cika, kowa tambayarsa wane wasa na kalla. Ban shiga fili ko sau ɗaya ba. Wannan shi ne abin da na gano, na kuma ba da shi yadda ya ce in bayar. Na gode wa Allah da ya dawo da ni, na gode wa Danladi da Musye Piyer. Malam Lawali kuwa, duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, Allah ya ɗaga masa hannun nan.