Mai Yi wa Kyamara Shimfiɗa

Kafin masu shagunan layin su buɗe ƙofa, Baba Mai Shimfiɗa ya riga ya share bencinsa, ya tsaya gaban taga yana duba kwalabensa. Kowace kwalba da guntun yadi ko soso ko busasshen gam a ciki, tare da 'yar wayar jan ƙarfe da ya goge har tana ƙyalli. Yakan toshe su, ya bar su su sha rana. Wadda wayar cikinta ta yi baƙi, to abin da ke ciki ya faɗi jarrabawa, ba zai kwana kusa da kyamarar kowa ba. Matarsa har ta gaji da cigiya.

"Malam, ina kwalbar man shafawata?"

"Tana bakin aiki."

"To man fa?"

"Na juye miki a kofi."

Asalin sana'arsa gyaran kujeru ce. Wata rana wani mai hoto, maƙwabcin shagonsa, ya buɗe akwatin tsohuwar kyamararsa ya tarar soson ciki ya narke ya zama wani abu baƙi mai danƙo, ya manne wa gilashin kyamarar. Kowa ya ce Allah ya kyauta, ya kama gabansa, ban da Baba. Shi abin da ya hana shi sakat shi ne: me ya sa soson da yake cusawa a kujera ya shekara lafiya, amma a rufaffen akwati ya zama guba? Ya dangwala, ya shinshina, ya bi masu gyaran kyamara da tambaya har suna ɓuya idan sun hango hularsa. A hankali ya gano wane soso ne ke ruɓewa, wane gam ne warinsa ke cin ƙarfe, ya kuma gane cewa sabuwar atamfa sai an wanke ta an kuma wankewa kafin ta taɓa gilashi. Tun daga nan kujeru suka rasa shi.

Duk wanda ya kawo masa kyamara, sai ya sha tambayoyi kamar a gaban likita. A wane ɗaki take kwana? Bangon yana tsattsafo da damina? A babur ake yawo da ita ko a kafaɗa? Sai ya kwantar da ita kan kwali, ya zagaye ta da alli, ya yanka mata gurbi daidai jikinta, ya lulluɓe da yadi mai laushi, ya ɗinke da hannu. A kusurwa yakan bar ɗan aljihu na ƙunshin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi, irin na cikin kwalin sabon takalmi, don kada fumfuna ta kama gilashi.

Labarin da 'yan layin suka fi bayarwa shi ne na wata ma'aikaciyar jinya da ta zo da mahaifinta. Tsohon mai hoto ne da ake kira Tsaya-Kyam, saboda abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun dama ya mutu, maganarsa ta yi nauyi. 'Yar tana so ta tafi da shi garin da take aiki, inda za ta iya kula da shi, amma ya kafe: ba zai taka mota ba sai da kyamarorinsa, kuma a tsohon akwatinsu ba za su kai ba, don hanyar duk ramuka ce.

"Baba, ka taimake ni," in ji ta. "Idan na bar shi shi kaɗai, ba mai ba shi magani. Idan na raba shi da kayan nan kuma, wallahi na san abin da zai biyo baya."

Baba bai fara duba kyamarorin ba. Tsohon ya zuba wa ido. Ya tura masa tsohon akwatin gabansa, ya ce, "Yaya, buɗe min in gani." Tsaya-Kyam ya yi ta fama da makullan akwatin guda biyu da hannun hagu, wannan ya buɗe wancan ya ƙi, har gumi ya keto masa. Ya kau da kai don kada 'yarsa ta ga idonsa.

"Yauwa, na ga abin da nake nema," in ji Baba. "'Yata, wa zai riƙa buɗe masa idan kina wurin aiki?"

Wannan tambayar ba ta taɓa zuwa ranta ba.

Sai da Baba ya yi ta gwaji da hannunsa na dama a cikin aljihu, yana buɗe akwati yana rufewa da na hagu kaɗai, kafin ya gamsu. Ya yi akwati mai makulli ɗaya da babban yatsa ke turawa, da murfi mai tsayawa da kansa. A ƙarƙashin kowace kyamara ya shimfiɗa ɗan ƙyalle mai kunne, wanda idan an ja sai ta ɗago ta faɗa tafin hannu. Ranar da suka zo karɓa, tsohon ya tura makulli, ya ja kunnen ƙyalle, ya dafe kyamarar a ƙirji, ya juyo ta wajen Baba. Da ƙyar kalmar ta fito, amma duk shagon an ji ta: "Tsaya... kyam!"

A hanya, motar kayan ta zurma wani rami har igiya ta tsinke. Madubin ɗaki ya farfashe, ƙafar gado ta karye, akwatin ya wuntsila ƙasa. 'Yar ta ce nan take ta buɗe shi a bakin titi, ta tarar kowace kyamara tana kwance a gurbinta kamar ba a je ko'ina ba. Daga baya ta aiko da hoton da mahaifinta ya ɗauka ran nan a shagon. Ya karkace, rabin fuskar Baba bai fito ba, amma hannayensa sun fito tar, da allura tsakanin yatsu.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, zare ya daina shiga allura. Baba ya miƙa bencin ga wata tela da ta daɗe tana koyo a wurinsa, ko da yake kullum yana nan gefe yana damun ta da tambaya.

Baba, kai ne wanda aikinsa ba ya fitowa a hoto. Ana yaba wanda ya ɗauka, ana yaba wanda ya wanke, ba a tuna wanda ya sa gilashin ya kai gobe. Kai ne ka auna mutum kafin ka auna kayansa. Gwanin alli da almakashi, mun gode. Allah ya ƙara lafiya, ya saka maka da alheri.

Mu kuma masu sana'a, tela ne ko kafinta ko mai gini, kafin mu ɗauki awo, mu ɗaga kai mu dubi wanda zai yi amfani da abin, mu tambaye shi da wane hannu zai riƙe.