Faifan Baba da tokar Inna

Baba bai bar hoto ba. Abin da ya bari shi ne faifan sede, wato CD, guda ɗaya, wanda wasu 'yan furoje masu aikin raya karkara suka ba shi shekarar da suka zo duba rijiyoyin arewacin Dakoro. Sun tarar da shi yana ba dabbobi ruwa yana waƙar jan guga, suka ɗauki muryarsa, daga baya suka aiko masa da faifan. Gidanmu babu abin kunna shi, shi kuma Baba cewa ya yi mutum ba ya sauraren kansa yana raye. Inna ta adana faifan cikin jeren kwanukanta.

Bayan rasuwarsa da shekaru, wata rana tana tankaɗe ta ce mini ta fara manta yadda muryarsa take. Fuskar tana nan, muryar ce ke ɓace mata. Maganar ta tsaya mini a rai, don ni ma da na laluba sai na ji wayam.

Lokacin kowa ya koma waya, mai rediyon sede sai an tona. Ni kuma ina da taurin kai. Wani abokina mai gyaran rediyo a kasuwa ya ce akwai matattun ordinatar, wato kwamfutoci, da lakwal, makarantar boko, ta zubar, a cikinsu akwai ɗan akwatin da ke haɗiye faifai, wani ma har da maɓallin kunnawa a goshinsa. Muka ɓalle guda uku kafin mu samu mai rai. Muka ba shi wuta da batirin babur da cajar waya ta mota, muka ciro lasifika daga wata tsohuwar rediyo, muka ɗaure komai cikin kwalin sabulu da robar taya. Na ƙone yatsa, na zagi wayoyin nan har abokina ya ce in bar su haka, ba su san Hausa ba. Da muka gwada da faifan wa'azi ya yi magana tas, sai na ɗauko kwalin a ka kamar mai tallar fura.

Inna ta shimfiɗa tabarma, ta sake kallabi kamar za ta yi baƙo. Da ta miƙo mini faifan sai na juya shi. Bayansa duk zane ne, ya yi fari kamar gindin tsohuwar tasa. Ta ce, da alfaharinta, ba ta taɓa barin sa ya yi datti ba, duk Juma'a da toka da soso take goge shi tare da kwanukan aurenta.

Na sa shi. Ya juya, ya yi tari, ya juya. Can sai ga kukan igiya a bakin rijiya, ga saniya, sannan Baba ya ja baiti ɗaya bai kai ƙarshe ba, ya yi dariya da wani. Daga nan sai ƙaf-ƙaf-ƙaf. Na sake, na goge da riga, na sake. Iyakar abin ke nan.

Inna ta ce in maido shi farko. Na yi ta maidowa har batirin ya yi sanyi. Ta karɓi faifan ta juya shi a hannunta.

"Ɗan nan, wankin da nike mishi ne ya cinye sauran?"

Na ce a'a, injin ne na bola, kwalin sabulu ai ba ya waƙa. Ta ce to, Allah ya yi mini albarka.

Har yau rabin baitin nan nake yi in ina aiki, in na zo inda ya yanke sai in tsaya, kewarsa ta kama ni. Inna ta mayar da faifan cikin jere. Kwanukan sun ci gaba da shan toka duk Juma'a, shi kuwa ƙura ta rufe shi, ba ta sake taɓa shi ba.