Jirgin da Kakana Ya Nema a Kogi

Shekaranjiya a ajinmu na yaƙi da jahilci, malam ya rubuta "jirgi" a allo, ya ce in karanta. Na karanta daidai, amma hankalina ya riga ya koma shekarar da kogi ya cinye shinkafar Tunuga, lokacin ina famfara.

Da hantsi ne. Warin kifin da ake banda ya cika gida, kakana yana ɗinkin taru a gindin mangwaro. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya tsallako gadar Benin ya shigo ya durƙusa gabansa. Ƙanen babana yana aiki a wata ƙasa mai nisa ta bakin teku, mun kuma san yana hanyar gida.

Direban ya ce, "Baba, sai haƙuri. Jirgin da autanka ya shiga ya faɗi, yana dab da sauka."

Kakana bai ajiye tarun ba. Ya ce, "A wace mashaya?"

"Ba wannan ba, Baba. Na sama."

Ka sani, Dandanci muke yi a gida, Hausar kakana ta cinikin kifi ce. Jirgi ɗaya ya sani, na katako. Sama kuwa a wurinsa ita ce inda ruwa ke gangarowa, wajen Yamai. Ya ɗauki filafili ya nufi kogi, ya yi ta bin tungayen masunta yana tambayar inda jirgi ya kife.

Babana ya bi shi, ya yi masa bayani da yarenmu: ƙarfe ne mai fiffike, kamar wanda ke ratsa samanmu da ƙugi, ya daki ƙasa kafin filin sauka, ya kama wuta. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai, yaro. Jirgin da ya hango gaɓa, tsalle ake yi a taka ƙasa. Balle wanda na koya wa iyo da hannuna. To ina gawar? Ko ruwa yakan mayar da abin da ya ci."

Ba a kawo mana gawa ba, ba a ce ga inda aka rufe ba. Dattawa suka rabu biyu kan matar ƙanen babana, ta shiga takaba ko ta jira. Ni kuwa nakan zauna bakin gada ina duba fuskokin masu tsallakowa.

Yau irin wannan labari kan zo a waya har da hoto, kafin hayaƙin ya lafa. Ban sani ba ko hoto zai gamsar da kakana. Ni ma da furfurata ban gama ganewa ba, yadda mutum zai hango ƙasa ta taga, a ce bai iso ba.

Abin da muka rasa dai ga shi: mutum ɗaya, matarsa da ta koma Yelu, noman daminar waccan shekarar, da kabarin da za mu tsaya a kai.