Nasu Na

Ranar Laraba ce da hantsi, bayan an gama girbin gero, a zauren alƙali a Bodinga. Turawa ke mulki lokacin, amma aure da saki da riƙon 'ya'ya duk a hannun alƙalai suke. Waɗanda ke zauren su ne alƙali, da malamin da ke rubuta masa, da ɗan doka a bakin ƙofa, da mahaifina wanda ya taso daga Shagari, da Inna mahaifiyata, da Kawu yayanta, da ni. Ko kaciya ba a yi mini ba tukuna. A kaina ake shari'ar.

Auren iyayena ya mutu tun farkon damina. Inna ta koma gidansu, wani ƙauye kusa da Dingyadi, ta tafi da ni. Da mahaifina ya aiko a ba shi ɗansa, Kaka, mahaifiyar Inna, ta ce a'a, shi ne ya kawo ƙara.

Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Yaron ga" take cewa, ko "wancan". In baƙuwa ta tambaye ta ko ni ɗanta ne, sai ta kau da kai ta ce, "Nasu na," wato nasu ne. Kowa ya san kunya ce. Ni ma na sani, domin in ta yi fura, a ƙarƙashin faifai nake samun tawa da nono mai kauri.

Mace irin wannan ba ta iya tsayawa gaban maza ta ce tana son ɗanta na fari. Shi ya sa Kaka ta nemi Kawu ya zama wakilinta. Kawu ya yi karatun littattafai, mutanen ƙauye ma shi suke tambaya hukuncin gado da na idda. Ina zaune a tsakar gida ranar da ya zo da littafinsa ya karanta musu, ya fassara. Ya ce a shari'a ɗa namiji yana hannun uwarsa har ya balaga, muddin ba ta yi wani aure ba, kuma in ta yi, kakarsa ta wajen uwa ke bi mata. Saboda wannan magana Inna ta sallami wani maɗinki da ya fara aiko mata da goro.

Kaka ta ce, "To in alƙali ya tambaye ta da bakinta hwa? Ka san halin ƙanwarka."

Kawu ya yi dariya. "Ta yi kunyarta yadda ta saba. Mi ad amfanina? Saura nau na," wato sauran aikin nasa ne.

A zauren, mahaifina ya faɗi ƙararsa a taƙaice. Alƙali ya dubi Inna, wadda ta durƙusa can gefe ta ja mayafi har bisa hanci.

"Ke, yaron ga naki na?"

Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya maimaita. Da ƙyar aka ji ta ce, "Nasu na."

Alƙali ya yi murmushi. Dattijo ne, ya san maganar. Ya ce wa malamin rubutu ya dakata. "Wagga kunyar ɗan fari ta, ba a hukunci da ita. Kai wakili, mi take nema?"

Na dubi Kawu. Ban ji tsoro ba ko kaɗan, har ina wasa da bakin tabarma.

Ya gyara rawaninsa ya ce, "Allah shi gafarta Malam, abin da ta hwaɗi shi na. Ta bar musu."

"Ka san tana da haƙƙin riƙo?"

"Na sani, na kuma karanta mata. Ta yafe."

Alƙali ya sake juyawa wajen Inna ya tambaye ta ko haka ne. Yanzu kunyar ta zama biyu: ta ce tana son ɗan fari, ta kuma ƙaryata yayanta a gaban mutane. Na ga yatsunta sun damƙe bakin mayafi. Ba ta ce komai ba. Alƙali ya jira, ya ƙara jira, sannan ya ɗaga wa malamin rubutu hannu.

Kafin azahar ina bisa jaki gaban mahaifina, mun kama hanyar Shagari. Inna ba ta dube ni ba da za mu tashi. Na daɗe ina riƙe da wannan a raina. Abin da na ji da kunnena shi ne ta ce ni nasu ne, kuma an ba ta dama ta gyara, ba ta gyara ba. Ban sa Kawu a lissafi ba, don a ganina wakili abin da aka aiko shi da shi yake faɗa.

Ba a cuce ni a Shagari ba. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni, kuma ta riƙe ni da kyau. Da rani ya kama, aka aike ni kai abinci fadama. A gonar mahaifina ta bakin ruwa, wadda ba ya ba kowa aro, na tarar da Kawu ya naɗe wando yana dashen albasa.

"A'a, ɗan birni! Ka yi ƙiba. Ashe tuwon Shagari ya karɓe ka."

Na yi murna da ganinsa, har na taya shi ban ruwa. Da na koma gida na tambayi Gwaggo yadda aka yi Kawu ke noma gonarmu. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Ladar wakilci ta." Ban gane ba sai da na girma, kuma ko a lokacin ba wanda ya yi mini bayani. Maganar Gwaggo ce ta dawo mini ita kaɗai, tare da wancan murmushin alƙali da yadda ya yi ta jira.

Kawu ya noma fadamar har ya rasu, 'ya'yansa suka ci gaba. Inna ba ta ƙara cin abinci daga gidansa ba. Ni kuma ban sake kwana a ɗakinta ba.