Ranar da Na Ƙi Durƙusa wa Surukata a Masjid India

Ƙanina ne ya ja mini. Fim yake karantawa a wata kwaleji a Kuala Lumpur, ni kuwa zaman aure ya kai ni, maigidana yana digirinsa na uku. Yaron nan ya taɓa faɗuwa a darasin wani malaminsu Bajapane, kuma Baba ya rantse in ya sake faɗuwa, gida zai dawo ya zauna a shago.

Aikin da aka ba su irin gajerun finafinan gwaji ne na Japan, marasa labari. Mutum zai tsaya cak, mai kyamara ya dinga zagaya shi: taku ɗaya, hoto ɗaya. In an jera hotunan da sauri, sai ka ga mutumin a kafe, duniya tana juyawa a bayansa. In ya motsa, aiki ya lalace.

"Yaya, ki rufa mini asiri," in ji shi. "Gobe zan miƙa. Tsayawa kawai za ki yi."

Ya kafa ni a titin kasuwa da ake kira Jalan Masjid India, tsakanin shagunan yadi, gumi har cikin hijabi. Mun ci rabin zagaye sai na hango maigidana da mahaifiyarsa, wadda ta zo mana ziyara daga Kano. Ashe tsaraba ya kawo ta saya. Hajiya kuwa mace ce da ko ruwa za ka miƙa mata sai gwiwarka ta taɓa ƙasa. Tunda na shiga gidansu sunana "ke".

Ƙanina ya ce ƙasa-ƙasa, "Don girman Allah, Yaya!"

Na ƙame. Wallahi daɗi na ji! Yau ga ni tsaye ƙiƙam a gaban Hajiya, kuma da hujjata.

"Ke! Ba ki gan ni ba ne?"

Ko ƙiftawa ban yi ba. Maigidana, munafuki, ya san komai, amma ya koma bayan wani labule yana cin dariya. Ta kaɗa hannu a fuskata. Ta leƙa idona. Ina jiran ruwan faɗa, sai na ji jakarta ta faɗi.

"Innalillahi! Aljanu sun taɓa ta!"

Ta kama fuskata da hannu biyu tana tofa mini addu'a. "'Yata, dube ni. 'Yata, ni ce."

Haba, ina! Nan take na zube na rungume ƙafafunta, ina dariya ina kuka. Ƙanina ya ɗora hannu a ka.

Haka ya miƙa fim ɗin, da rabin zagaye, gunkin tsakiya ya narke a ƙarshe. Ya tsallake da ƙyar, bai ga shagon Baba ba. Hajiya kuwa da ta gane wasa ne, sai da ta yi mako ba ta amsa gaisuwata. Amma ni na riga na ji abin da ta kira ni, kuma a gaban kyamara ta faɗa.