Ƙauyen da ba a kwana a cikinsa

Sallar asuba a gurguje muka yi ta, ni da maiɗakina, muka fito daga La Courneuve, unguwarmu a gefen Paris, muka kama metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa tashar jirgin ƙasa. Lyon muka nufa. Wani abokina da ke can ya dame ni da labarin wani ƙauye da aka sake ginawa a bayan gari, wai don a ga yadda kakannin Turawa suka rayu. Gaskiya ba ƙauyen ya fito da ni ba, gudun waya nake.

Ga abin da ke damuna. Yayana a Damagaram yana so ya rushe gidanmu na ƙasa, inda aka haife mu duka, ya gina wa Inna na siminti. Magina sun shirya, amma ya rantse ba zai taɓa ko katanga ba sai na ce to. Ni kuwa kullum sai "bari mu gani". Gidan da marigayi babanmu ya yi wa zanen zaure da hannunsa? Haba!

A jirgi na kasa zama. In tashi, in je wajen mai kafe, in dawo. Kafen kurɓi ɗaya ne, kuɗinsa kuwa sai ka yi salati. Gonaki na wucewa ta taga, ga shanu farare ƙatti, amma hankalina na kan wayar da ke ta ƙara a aljihu. Maiɗakina ta ce, "Malam, ko ka ɗauka ko ka kashe ta, ka hana ni barci."

Abokina ya ɗauke mu a mota, muka bar Lyon da kogunanta, muka miƙa har ƙauyen. Jama'a, gidajen ƙasa ne da jinka! Ga maƙeri na hura wuta, ga tanderu, ga rijiya da guga. Turawa sun yi layi kowa na jiran ya ja ruwa a ɗauke shi hoto. Maiɗakina ta yi dariya har da riƙe ciki, wai aikin da ta guda tun tana yarinya shi ake sayen tikiti a yi. Mun ci burodinsu na dā, da kyar haƙorina ya tsira.

A wani ɗaki mai hayaƙi na tarar da wata dattijuwa, sa'ar Inna, tana kaɗin ulu. Na dafa bango, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya buge ni, sai ga hawaye. Nan na yanke shawara: ba za a rushe ba. Mutane na kashe dukiya su gina abin da mu muke neman bajewa?

Da yamma aka kaɗa ƙararrawar tashi, yayyafi ya fara. Muna wajen ajiye motoci sai ga dattijuwar nan. Ta cire hular dā, ta sa rigar sanyi, ta shiga motarta ta ja. Na tambayi abokina wa ke kwana a ƙauyen. Ya ce, "Kwana? Babu ko mutum ɗaya. Kowa gidansa yake tafiya, mai wuta da famfo."

Inna ba ta da ƙararrawar tashi.

Ina tsaye cikin yayyafin na kira gida, na ce a ba ni ita. Bayan mun gaisa na ce, "Inna, ke me kike so?" Duk rigimar nan ba wanda ya tambaye ta. Ta ce, "Ɗan nan, ni dai in hadari ya taso in kwanta kamar kowa, ba in zauna ina sauraren rufi ba."

Na ce wa Yaya bismillah. Ya ce Litinin za su fara.

Mun dawo Paris lafiya, a jirgi kuma na zauna wuri ɗaya. Abin da tafiyar nan ta koya mini: son tsohon gida yana da sauƙi ga wanda ba a cikinsa yake kwana ba. Amma kada in yi muku ƙarya, zuciyata na ciwo. Ran Litinin Yaya ya turo mini bidiyo. Har yau ban buɗe ba.