Ranar da na zare wa ƙanena waya

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata ba. Amma ranar da ƙanena ya buga piyano a tsakar gidanmu a Gure, da ita za a binne ni.

Mu makiyaya ne. Ni aji uku na yi a lakkol aka ce in koma bayan shanu. Shi yana da kai, aka tura shi Damagaram. A can wani malaminsu ya ɗora masa hannu a kan wannan akwatin kiɗa, daga nan sai Turai. Shekara goma sha biyu yana koyo, kullum awa shida a zaune, har ya kai yana ƙirƙirar kiɗan da kansa, ya rubuta shi a takarda kamar sawun tururuwa. Ni a shekarun nan igiyar guga ta cinye mini tafin hannu. Ba zan ɓoye ba, abin yana ci na.

Bai samu jana'izar uwarmu ba. Sai da ta shekara da rasuwa ya iso, da ƙaramin piyano na lantarki a bayan mota. Ya ce, "Yaya, na yi wa Inna kiɗa. Ina so dangi su ji. Abu ɗaya nake roƙo, a yi shiru har in gama." Na ce to. Ban gaya masa ba cewa a wurinmu kiɗan da aka yi wa shiru, raina shi aka yi. Na aro gurup, injin ba da wuta, bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, gida ya cika.

Ya fara a hankali. Wallahi na ji wani abu a ciki, irin yadda Inna take kiran saniyarta in za ta tatsa. Sai wata maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa, ta taso ta liƙa masa takardar jaka guda a goshi. Da zuciya ɗaya ta yi. Wasu suka biyo ta, kuɗi na zubowa a kan yatsunsa. Wani ya ce, "Kai makaɗi, wasa ni mana! Ko ba ka san kakana ba?" Aka kwashe da dariya.

Kawunmu ya matso kunnena. "Shekara goma sha biyu, ashe roƙo aka tura shi koyo? Gidan nan bai taɓa fitar da maroƙi ba. Kai ne babba."

Da na miƙe na ce kowa ya zauna, da sun zauna. Sai na je na zare wayar wutar piyanon.

Sauti ya ɗauke, shi bai tsaya ba. Ya ci gaba da dannawa, ƙwas-ƙwas, har ya kai ƙarshe, a lokacin ne kowa ya yi shirun da ya roƙa. Ya tattara kuɗin ya ajiye a kan tabarma, ya dube ni.

"Yaya, saura kaɗan in zo wurinka. Na sa ka a ciki, kana jan guga."

Washegari ya tafi. Da Sallah yakan aiko gaisuwa, ƙafarsa dai ba ta sake taka Gure ba. 'Ya'yana suna nuna mini shi a salula yana buga kiɗan Inna, ɗaki cike da baƙi, ko tari babu mai yi. Har yau ban iya saurara zuwa wurin da ya sa ni ba.

Waɗanda suka yi dariyar, kafin magariba sun manta. Kawu ya rasu tuni. Abin da na koya, kuma na koye shi a makare: in naka ya zo maka da abin da ya sa ransa a kai, ko ba ka gane ba, ka zauna ka ji har ƙarshe. Bakin mutane ba zai maido maka da ɗan'uwa ba.